Kibiya, Kusurwa da Iska: Abin da Muka Gano Bayan An Lallasa Mu

Duk wanda ya leƙa ɗakin kwamfuta ranar Alhamis ɗin makon jiya ya ga abin da ya faru, saboda haka ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kulob ɗin kimiyya ya lallasa mu a wasan harbin kibiya. Wasa biyar aka yi, suka ci huɗu, kuma wadda ta fi ba mu kashi yarinya ce 'yar JS 2. Mu 'yan SS 2 da SS 3 da muka yi ta cika baki tun farkon zango, sai ga mu muna sosa ƙeya. An shirya za a sake karawa a makon ƙarshe na zango, kulob ɗin da aka ci kuwa shi zai riƙa share ɗakin kwamfuta da goge tebura har zango mai zuwa ya ƙare.

Akwai abin da ya fi sharar damunmu. Awa ɗayan nan ta ranar Alhamis, Malamin Fiziks ne ya roƙo mana ita wurin shugaban makaranta, bisa sharaɗin a ga amfaninta a darasin abin da aka jefa sama, wato babin da ke yawan fitowa a WAEC da NECO. Mun san a cikin malamai akwai masu ganin ɓata lokaci ne kawai, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin yadda muka yi wasan makon jiya ɓata lokacin ne. Idan gwajin ƙarshen zango bai nuna canji ba, awar ta tafi. Shi ya sa muka zauna da kalkuleta kwana biyar, muka kuma yanke shawarar liƙa abin da muka gano a bango maimakon mu ɓoye. Ai 'yan kimiyya sun riga sun sani. Sauran jama'a ne ba su sani ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, sunan wasan Bowman. Maharba biyu ne suna tsaye nesa da juna, kowa da bakansa, ana harbi bi da bi. Kana danna linzamin kwamfuta ka ja baya kamar mai jan tsirkiya, sai lambobi biyu su fito: kusurwa, wato yadda ka ɗaga bakan sama a digiri, da kuma ƙarfin ja. Ka saki, kibiya ta tashi. Ana iya kunna iska, ana iya sa katanga a tsakani. Masu yin Bowmasters a waya idan an koma hutu za su ga tsarin kusan ɗaya ne, malaman da suka yi zamani da MS-DOS kuwa za su tuna Gorillas na 1991, inda gwaggon biri biyu ke jifan juna da ayaba ta saman gine-gine. Duk lissafi ɗaya ke tafiyar da su.

Lissafin shi ne wanda ke cikin littafinmu na SS 2. Idan kibiya ta tashi da gudu u a kusurwa θ, kuma ta sauka a ƙasa mai tsayi ɗaya da inda ta tashi, nisan da za ta ci shi ne u² sin 2θ ÷ g. Bari mu ɗauki gudun mita 20 a sakan, g kuma 10, kamar yadda ake yi a jarrabawa. A digiri 45 kibiya za ta ci mita 40, babu kusurwar da ta fi wannan nisa. A digiri 30 za ta ci mita 34.6. A digiri 60 ma mita 34.6 ɗin ce. A 15 da 75, mita 20 kowanne. Duk kusurwa biyu da idan ka haɗa su suka ba da 90, wuri ɗaya suke sauke kibiya. Wani masanin lissafi ɗan Italiya, Tartaglia, ya faɗi batun digiri 45 tun 1537, Galileo kuma ya kafa hujjarsa a littafinsa na 1638. Wasan ba ya nuna mita, mu ne muka ɗauko ta don sauƙin bayani. A gaban allo muna auna nisa da tsayin maharbin da kansa, mu ce kibiya ta gaza da mutum biyu ko ta zarce da mutum uku.

To wannan kowa ya sani, har mu da aka ci. Inda muka faɗi shi ne abin da ke biye.

Kuskuren ƙarfi ya fi kuskuren kusurwa tsada

Hannu yana rawa, linzamin ɗakinmu kuma kun san halinsa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: idan hannuna ya goce kaɗan, nawa zan yi asara? A ce ka so digiri 45 sai ka saki a 47. Nisan ya koma mita 39.9, wato ka yi asarar santimita 10 kacal. Ka saki a 43, haka nan. Amma ka so 15 ka saki a 17, nisan ya tashi daga mita 20 zuwa 22.4. Ka so 75 ka saki a 77, ya faɗo zuwa 17.5. Gocewar hannun iri ɗaya ce, digiri 2, amma a kusa da 45 kamar ba a yi ba, a can gefe-gefe kuwa ta kai mita biyu da rabi.

Ƙarfi shi ba ya yafiya a ko'ina, domin gudun ana ninka shi da kansa ne. Ƙara gudu daga 20 zuwa 21, nisan ya tashi daga mita 40 zuwa 44.1. Ƙarin kashi 5 cikin ɗari ya haifi kusan kashi 10. Nan ne muka yi ta faɗuwa. Idan kibiyarmu ta gaza da kashi ɗaya cikin goma na nisan, sai mu ƙara kashi ɗaya cikin goma na ƙarfi, ta wuce ta kan abokin karawa fiu, mu rage, ta sake gazawa. Ƙa'idar ita ce rabi: kibiya ta gaza da kashi 10, ƙara 5. Ta zarce da kashi 20, rage kusan 10.

Sai dai wannan ƙa'ida tana aiki ne idan lambar ƙarfin da wasa ke nunawa gudu take nufi. Kowane wasa da yadda masu shi suka rubuta shi, don haka ka gwada kafin ka dogara. Gwajin ba wuya: ka harba a kusurwa ɗaya da ƙarfi 30, sannan da 60, wani ya riƙe agogo. Lokacin da kibiya ke yi a sama yana tafiya ne daidai da gudu. Idan lokacin ya ninka biyu, lambar gudu ce, riƙe ƙa'idar rabi. Idan ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari kawai, to nisa yana bin lambar kai tsaye, sai ka gyara ɗaya bisa ɗaya. Mun gwada a kwamfuta ta uku daga ƙofa, lokacin ya kusa ninkawa.

Me ya sa yarinyar ba ta ɗaga baka sama?

Mun lura duk harbinta tsakanin digiri 30 ne da 40, mu kuwa muna ta cilla kibiya sararin sama a 60 da 70 don tana da ban sha'awa idan tana saukowa. Da farko mun ɗauka tsoro ne. Ashe lissafi ne.

Abokin karawarka mutum ne a tsaye, yana da tsawo. Ba dole sai kibiya ta sauka daidai kan ƙafarsa ba. Wadda da za ta sauka bayansa kaɗan ma, a hanyarta ta saukowa za ta ci karo da ƙirjinsa ko kansa. Ke nan akwai wani fili a bayansa wanda duk kibiyar da aka nufa can za ta same shi. Mun sa wa filin suna inuwa. Faɗin inuwar ya dogara da yadda kibiya ta sauko, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kibiya tana saukowa ne da kusurwar da ta tashi. Mu ɗauki mutum mai tsayin mita 1.7. Kibiyar da aka harba a digiri 60 tana faɗowa kusan a tsaye, inuwarsa mita 1 ce. A digiri 45, mita 2 saura kaɗan. A digiri 30, mita 3 da ɗoriya.

Ku dubi 30 da 60 da kyau. Nisansu ɗaya, gocewar digiri 2 tana jawo musu asara kusan ɗaya, mita ɗaya da 'yan kai. Amma mai harbi a 30 abin da yake nema ya fi na mai 60 faɗi sau uku. Wato ita tana jifan ƙofar zaure, mu muna jifan taga, sannan muna mamakin yadda take samu.

Tsakanin 30 da 45 kuwa, ra'ayinmu ya rabu a kulob. Wasu sun ce 45 ta fi, tunda tana shanye rawar hannu a kusurwa. Wasu suka ce tunda ƙarfi ne ke kashe mu, kuma faɗin inuwa ne kaɗai ke rufa wa kuskuren ƙarfi asiri, gara a sauko. Mu masu rubutun nan muna tare da na biyu, kuma 35 muka tsayar wa kanmu. Wanda ya san hannunsa na rawa sosai ya matsa zuwa 40. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne hawa sama da 45 babu dalili.

Dalilin ɗaya ne, katanga. Ko da katangar ma, kada ka ɗaga fiye da bukata. Tsayin da kibiya ke kaiwa a tsakiyar tafiya shi ne kwatan nisa sau tan θ. Idan nisa mita 40 ne, katanga a tsakiya mita 12, kana bukatar tan θ ya wuce 1.2, wato digiri 50 da ɗan kai. Digiri 53 ko 55 sun wadatar. Duk digirin da ka ƙara bayan nan inuwarka kake yankewa. Idan kuma wasan ya ɗora abokin karawarka kan tudu, ma'auratan kusurwar nan da ke haɗuwa su ba da 90 sun daina aiki. Kusurwar da ta fi nisa takan haura 45 idan yana sama da kai, ta sauko idan yana ƙasa.

A nan wani zai ce, to ai maharban gaske ba sa ɗaga baka haka. Gaskiya ne. A gasar Olamfik ana harbi daga mita 70 zuwa allo mai faɗin santimita 122, tsakiyarsa mai maki 10 kuma santimita 12.2 ce. Idan muka ɗauka kibiyarsu na gudun mita 60 a sakan, lissafinmu ya ba da kusurwar da ba ta kai digiri 6 ba. Gudu ne ya ba su wannan damar. A Bowman ana ajiye abokin karawa nesa yadda ba kullum ƙarfinka zai ishe ka harbi a miƙe ba, amma darasin ɗaya ne: iya yadda ƙarfi ya ba ka dama, kwantar da harbi.

Iska

Wasanni da yawa irin wannan suna ɗaukar iska a matsayin turi ɗaya da ba ya canzawa tun tashin kibiya har saukarta. Idan haka ne, gocewar da iska ke jawowa ita ce ½at², wato tana bin lokaci ninki da kansa. Kibiyar digiri 30 tana yin sakan 2 a sama, ta 60 tana yin kusan sakan 3.5. Da turin iska na mita 1 a sakan a kowane sakan, ta farko za ta goce mita 2, ta 45 mita 4, ta 60 mita 6. Ga wani sau ukun kuma. Mai harbi a 60 ranar iska inuwarsa mita 1, gocewarsa mita 6. Haka muka yi wasa na uku, kuma waɗanda suka yi mana dariya ba su zalunce mu ba.

Kibiya uku ta farko

Kibiyar farko tambaya ce, da wuya ta samu. Abin da ake so shi ne ta biyu da ta uku su amfana da amsar. Dokar farko: abu ɗaya za ka canza. Ka tsayar da kusurwa, ka riƙa taɓa ƙarfi kaɗai. Wanda ya canza biyun lokaci guda, ko ya matso bai san wanne ya matso da shi ba.

Doka ta biyu ita ce ta fi wuyar bi, domin ta saɓa wa zuciya. Idan ta farko ta gaza sosai har ba ka iya ƙiyasta da nawa ba, kada ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya kana lallaɓowa. Ƙara da yawa, ko da za ta zarce. Da zarar kana da kibiya ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, ka tsare shi a tsakani. Masu harba igwa sun daɗe suna amfani da wannan dabara. Daga nan yawancin mutane sukan raba biyu, ƙarfi 60 ya gaza, 68 ya zarce, sai su harba 64. Ba laifi, amma akwai wadda ta fi sauri. Dubi da nawa kowacce ta kuskure. Idan 60 ya gaza da mutum 2, 68 ya zarce da mutum 6, to tazarar mutum 8 ce a kan ƙarfi 8, kowane ƙarfi ɗaya mutum ɗaya ke nan. Amsar 62 ce. Mai raba biyu zai ɓata kibiya ɗaya ko biyu kafin ya iso nan, kuma a wasan bi da bi kowace kibiya da ka ɓata dama ce ka miƙa wa wancan. Idan za ka zaɓa tsakanin 62 da 63, ɗauki 63, domin inuwa a bayansa take. Kibiyar da ta gaza da taku ɗaya ta tafi a banza, wadda ta zarce da taku ɗaya ta shiga ƙirji.

Ku zo da takarda da biro. Mun ga yarinyar tana rubuta kowace lamba a bayan littafinta, muka yi ta zolayarta. Mu kuwa bayan kibiya huɗu babu mai tuna ko 61 ya harba ko 67.

Allo ɗaya, ido huɗu

Wannan ɓangaren babu shi a littafin Fiziks, kuma shi ya fi ba mu haushi da muka gane. A kwamfuta ɗaya ake wasan, ana karɓa-karɓa da linzami. Duk lambar da ka ja, abokin karawarka yana tsaye a bayanka yana gani. Nisan da ke tsakaninku kuma ɗaya ne ta kowane ɓangare. Idan babu iska, harbin da ya same shi, shi ne harbin da zai same ka. Ke nan duk kibiyar da ka harba, gwaji ka yi wa ku biyu. Wasa na biyu haka ta ci shi: ɗan wasanmu ya harba 35 da ƙarfi 58, ta gaza da mutum ɗaya, ita ta karɓi linzami ta harba 35 da 60. Aikinmu ta ci da shi.

Wannan ya canza yadda muke kallon wa zai fara. Mai farawa yana harbi a makance, na biyu yana shigowa da amsa ɗaya a hannu. Amma mai farawa shi ke fara kaiwa kibiya ta biyu, kuma lokacin yana da amsa biyu, tasa da ta wancan. Saboda haka kada ka juya baya kana hira idan ba layinka ba ne. Kibiyarsa taka ce kyauta. Ka rubuta lambobinsa a takardarka kamar kai ka harba.

Da iska kuwa labarin ya juya, a nan ne ake kama mai kwaikwayo. Iskar da ke tura kibiyarsa gaba ita ce ke danne taka. A ce iska tana ƙara masa mita 4. Idan ka kwafi lambobinsa, ka rasa mita 4 ɗin da ya samu, an kuma cire maka wasu 4, za ka gaza da mita 8. Gyaran ninki biyu ne. Hanya mai sauƙi ita ce, idan ka ƙiyasta cewa ba iska 63 ne daidai, shi kuma da iska a bayansa ya samu da 60, to kai naka yana wajen 66. Mun nemi a kunna iska a karawa mai zuwa, 'yan kimiyya sun amince ba tare da gardama ba, abin da ya ɗan tayar mana da hankali.

Kai ko ƙirji

Idan an kunna tsarin da harbin kai ke kashewa nan take, kowa yana kwaɗayinsa. Amma kai yana can ƙarshen inuwa ne. Kuskure kaɗan ta sama, kibiya ta wuce babu ko ƙwarzane. Ƙirji yana tsakiya, ka gaza ka samu ƙafa, ka zarce ka samu kai. Muddin kana gaba ko kuna kunnen doki, nemi ƙirji. Lokaci ɗaya ne neman kai ya zama wajibi: idan ya riga ya gano nisanka, harbinsa na gaba zai gama da kai, kuma harbin ƙirji ba zai kashe shi ba. A nan kibiyar da ta samu ƙirji da wadda ta tafi daji duk ɗaya ne a wurinka, sai ka ƙara ƙarfi ɗaya ka nemi kan. Ɗan wasanmu na ƙarshe ya samu kansa a wannan hali, ya harba ƙirji lafiya lau, muka yi tafi, sannan aka kashe shi.

Malam ya yi alkawarin tambaya biyu daga wannan babi a gwajin ƙarshen zango, kuma ya ce duk wanda zai riƙe linzami ranar karawa sai ya fara warware guda a allo gaban kowa. Ga ta gwaji, ku kawo amsa akwatin kulob kafin Laraba: abokin karawa yana nisan mita 45, ka tsayar da kusurwa a digiri 30, g kuma 10. Da wane gudu za ka harba, sakan nawa kibiyar za ta yi a sama, kuma za ta tsallake katanga mai mita 7 da ke tsakiya? Atisaye yana nan ranar Alhamis bayan sallar Azahar. Muna neman 'yan wasa biyu daga JS, kuma ba za mu tambayi ko daga wane kulob suka gudo ba.

Kulob ɗin 'Yan Jarida